Yawon cin abincin titi ko yawon kwale-kwale a Bankok: wanne ya cancanci rana ɗayar da ta rage maka?

Wanda ya je Bankok sarin kaya a Pratunam, ko ya raka mara lafiya asibiti a wajen unguwar Nana, sau da yawa yakan tsinci kansa da rana ɗaya tak wadda ba shi da wani aiki a cikinta kafin jirginsa ya tashi. A irin wannan rana abubuwa biyu ne masu shirya yawon buɗe ido suka fi tallata wa baƙo: ko dai ya bi ɗan jagora a ƙafa a zaga rumfunan abincin bakin titi ana ɗanɗanawa, ko kuma ya shiga dogon kwale-kwale mai inji a ratsa da shi hanyoyin ruwan tsohon gari, waɗanda mutanen Tailan ke kira khlong. A takardar talla su biyun sun yi kama da juna, domin kowanne 'yan sa'o'i ne, kuma kowanne ana cewa shi ne zai nuna maka ainihin Bankok. Amma abin da mutum yake biya wa kuɗi a cikinsu ba ɗaya ba ne. A yawon abinci sanin ɗan jagora kake saya, a yawon ruwa kuwa jirgin kansa kake saya, kuma wannan bambanci ne ya kamata ya raba gardama.

Bari a fara da ruwan, tunda a kansa aka kafa garin. Kogin Chao Phraya ya raba Bankok gida biyu, kuma yawon kwale-kwale kusan duk a ɓangaren yamma ake yinsa, wato Thonburi, inda Sarki Taksin ya kafa fadarsa bayan da sojojin Bama suka rusa Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar, a 1767. Sai a 1782 Sarki Rama na Ɗaya ya ƙetare da gadon sarauta zuwa gabas, kuma tun daga lokacin gabashin ne ya ci gaba da samun tituna da manyan gine-gine, aka cike yawancin hanyoyin ruwansa aka shimfiɗa kwalta a kai. Thonburi da aka bari a baya ita ce ta tsira da nata. Wani abin da baƙi da dama ba su sani ba shi ne, manyan hanyoyin ruwa biyu da ake bi, Khlong Bangkok Noi da Khlong Bangkok Yai, su ne asalin hanyar kogin. A ƙarni na 16 aka haƙa 'yar gajeriyar hanya don a rage wa jiragen fatake zagaye, ruwa ya bi ta yana cin gaɓarta har ta zama kogin da ake gani a yau a gaban babbar fadar sarki da wurin ibadar Buddha na Wat Arun, tsohuwar hanyar kuma ta ƙanƙance ta koma khlong. Saboda haka mai yawon kwale-kwale yana bin tsohon kwarin kogin ne, kuma shi ya sa tsofaffin wuraren ibada da gidajen katako suka jeru a gefensa.

Jirgin da ake shiga, wanda suke kira ruea hang yao, ma'ana jirgi mai dogon wutsiya, siriri ne mai tsawo, an yi masa rumfar tamfol, an ɗaura wa goshinsa ƙyallaye masu launi da furanni. A bayansa an ɗora injin mota sukutum a kan wani ƙarfe mai juyawa, daga injin kuma wata doguwar sanda ta miƙe zuwa cikin ruwa da farfela a ƙarshenta. Matuƙin yana tsaye yana riƙe da injin gaba ɗaya, in zai karya kwana sai ya murɗa shi, in ya tarar da ciyawa ko shara sai ya danna hannu farfelar ta fito daga ruwa tana feshi. Ƙarar wannan inji ita ce magana ta farko da ya kamata mai shirin biyan kuɗin ɗan jagora ya sani. Idan jirgin yana gudu, wanda ke kujera ta uku ba ya jin abin da ake faɗa a kujerar gaba, sai dai ya ga ana nuni da hannu. Bayanin da za a amfana da shi sai an tsaya, ko an sauka a tudu.

Abin da ake gani kuwa ba ya buƙatar dogon sharhi: gidajen katako a kan turaku, wasu sun karkata kamar za su faɗa ruwa, wasu an gyara su tsaf da tukwanen furanni da akwatin wasiƙa a bakin matakala, guza mai tsawon mutum kwance a kan siminti tana shan rana, tarin kifaye a gaban wuraren ibada, inda ba a kamun kifi, suna turereniya a kan gutsuren burodin da baƙi ke jefa musu. A Khlong Bangkok Noi akwai gidan adana jiragen sarauta, a kudu kuma, a Wat Paknam, akwai mutum-mutumin Buddha mai tsayin mita 69 da aka kammala a 2021, wanda yake bayyana kwatsam ta saman rufin gidaje in an karya wata kwana. A bakin Khlong Bangkok Yai akwai Masallacin Tonson, wanda tarihinsa ya koma zamanin Ayutthaya, kuma ba nisa da shi akwai Masallacin Bang Luang, fari mai koren rufi, wanda aka gina shi da fasalin ginin Tailan har mai wucewa zai iya ɗauka wurin ibadar Buddha ne. Cocin Santa Cruz na zuriyar Turawan Fotugal ma yana nan kusa. Yawancin jiragen haya sukan wuce waɗannan wurare ba tare da tsayawa ba, sai in an yi yarjejeniyar tsayawa tun kafin a tashi.

Akwai kuma batun ƙofofin ruwa. Domin kare Thonburi daga ambaliya, an gina ƙofofi a inda hanyoyin ruwan suka haɗu da kogi, kuma idan ruwan kogin ya fi na ciki tudu sai jirage su taru a jira a buɗe, a shigar da su, a daidaita ruwan, sannan a sake su. Wannan jira yana cikin lokacin da ka biya. Shi ya sa yawon awa ɗaya, wanda shi ne mafi araha kuma shi aka fi tallatawa a tashoshin Tha Chang da Tha Tien da Sathorn, yakan zama ba riba: a tsallaka kogi, a jira a ƙofa, a yi gudu a ciki, a sake jira a ƙofar fita. A ganina duk wanda zai shiga ya nemi awa biyu, in ba haka ba ya haƙura.

Ta fuskar kuɗi, jirgin da aka yi shatarsa a tasha kuɗin jirgi ake biya, kuma ana ciniki, alhali yawon abinci kuɗin kai ake biya, kuma ba a ragi. Idan alal misali aka daidaita a kan baht 1,500 a awa (baht shi ne kuɗin Tailan), mutum ɗaya shi kaɗai zai ji nauyinsa, amma iyali ko abokan tafiya shida kowa baht 250 ya kama shi. A yawon abinci kuwa mutum shida kuɗin mutum shida za su biya, kuma kuɗin kowane ɗaya ya ninka na abincin da zai ci sau da yawa, tunda kwanon taliya ko shinkafa a bakin titi yawanci bai kai baht 100 ba. Wanda yake tafiya shi kaɗai ya fi samun sauƙi a yawon haɗaka, ko na ruwa ko na abinci, masu tafiya a ƙungiya kuma shatar jirgi ta fi musu. Abin da za a kiyaye shi ne a yi magana a fili kafin a sa ƙafa a jirgi: kuɗin na jirgi ne ko na kowane mutum, awa nawa, a ina za a tsaya, a wace tasha za a sauka, kuma wa zai biya kuɗin sauka a tashar idan an nema.

Yawon abinci da aka fi sani a titin Yaowarat ake yinsa, tsakiyar unguwar Sinawa. Kakannin mutanen unguwar an tashe su ne daga wurin da aka gina babbar fada a 1782 aka mayar da su Sampheng, titin Yaowarat kuma an yanke shi a zamanin Sarki Rama na Biyar, a ƙarshen ƙarni na 19. Da rana titin na masu sayar da zinariya ne. Da almuru sai a kunna manyan allunan fitilu masu rubutun Sinanci, a turo kekunan abinci, a jera kujerun roba a gefen kwalta, motoci na wucewa dab da gwiwar mai ci. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Wat Mangkon a 2019 zuwa wurin ya yi sauƙi, cunkoson kuma ya ƙaru. Mai suya yana tsaye a gaban kasko mai zurfi a kan wutar gawayi, ya zuba mai, ya watsa taliya mai faɗi, wuta ta tashi ta lashe bakin kaskon, cikin minti biyu ya juye a faranti, na bayansa ya miƙa wa mai jira ba tare da an yi wata magana ba. Baƙon da bai iya karanta rubutun Tailan ba, bai kuma san sunan ko abu ɗaya ba, zai iya yin awa guda yana kai da kawowa a nan bai ci komai ba sai 'ya'yan itace.

A nan ne amfanin ɗan jagora yake fitowa, kuma amfani ne na gaske. Ya san rumfar da ta cancanci a bi layinta da wadda hotunan intanet kawai suka cika, ya san lungun da za a bi a kauce wa turmutsutsu, yana yin oda da harshen gari, yana raba faranti ɗaya ga mutum uku don ciki ya ɗauki abu takwas ko goma maimakon biyu, kuma yana gaya maka abin da ke cikin kowane kwano. Wanda ba shi da abin da yake ƙauracewa a abinci, kuma yana son ya fahimci girkin garin, ba shakka zai fi ƙaruwa da awa uku a Yaowarat fiye da awa uku a kan ruwa.

Sai dai ga Musulmi, kuma mafi yawan masu zuwa Bankok daga ƙasar Hausa Musulmi ne, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Girkin Yaowarat girkin Sinawa ne, ginshiƙinsa kuma naman alade. Abincin da unguwar ta fi shahara da shi, kuai chap, taliya ce naɗaɗɗiya a cikin romon alade mai masoro da soyayyen naman alade a kai. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda ido yana gani. Matsalar ita ce abin da ido ba ya gani. Wainar ƙwai da kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo), wato hoi thot, bisa al'ada da kitsen alade ake soya ta. Romon da ake zuba wa taliyar kifi ko ta kaza sau da yawa da ƙashin alade aka dafa shi. Ƙulli-ƙullin jatan lande da ake naɗewa a fulawa akan cakuɗa shi da niƙaƙƙen naman alade don ya yi laushi. Hatta taliyar da ake kira kuai tiao ruea, taliyar jirgi, wadda ta samo sunanta daga sayar da ita da ake yi a cikin kwale-kwale a hanyoyin ruwa, da jinin alade ko na saniya ake kaurara romonta. Baƙo zai iya koyon cewa mai sai mu, wato kada a sa alade, kuma mai abincin zai amsa da fara'a ya cire yankan naman, amma romon da man da kaskon suna nan yadda suke. Wanda ya biya cikakken kuɗi ya shiga yawon haɗaka na Yaowarat yana iya ƙarewa da gasasshen jatan lande, da ruwan rumman, da mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, yana kallon abokan tafiya suna cin sauran.

Wannan ba ya nufin a yafe yawon abinci, yana nufin a sauya unguwa. Bang Rak, a kan titin Charoen Krung wanda aka gina a farkon shekarun 1860 a matsayin titin zamani na farko a garin, tsohuwar matattarar fatake ce daga Indiya da Jawa da ƙasashen Larabawa, kuma har yau akwai gidajen abincin Musulmi da suka daɗe a wurin. A lungu na 36 akwai Masallacin Haroon, inda ake baje abinci a ranar Juma'a a kewayen masallacin. A irin waɗannan wurare ake samun khao mok kai, shinkafa mai kurkum da aka dafa tare da kaza, da mataba, wato waina mai cike da nama da albasa, da farfesun wutsiyar sa mai tsami da yaji, da miyar massaman mai gyaɗa da dankali, wadda asalinta daga girkin Musulmi ne. Alamar da za a nema ita ce tambarin halal mai siffar lu'ulu'u na Majalisar Musulunci ta Tailan, ko jinjirin wata da tauraro a jikin keken mai abinci. Wasu kamfanoni suna shirya yawo na musamman a wannan hanya, galibi na keɓe ne kuma ya fi tsada. Kafin a biya, a nemi su rubuto sunan kowane wurin tsayawa da abin da za a ci a can. Amsar da ta tsaya a kan cewa za a kula da buƙatarka ba ta wadatar ba, domin sau da yawa ma'anarta ita ce za a cire maka naman daga kwano. Akwai kuma kwanaki tara a wajen Satumba ko Oktoba da ake bikin cin ganyayyaki a Yaowarat, inda rumfuna masu tuta rawaya da jan rubutu ba sa amfani da nama ko kitsen dabba ko kaɗan, kuma wanda tafiyarsa ta dace da lokacin ya sami sa'a.

Ranar mako ma tana yanke hukunci. Litinin rana ce da aka saba hana masu keken abinci fitowa a titunan Bankok saboda shara, don haka Yaowarat ta ranar Litinin rabin kanta ce, wanda ranarsa ta faɗo Litinin kuwa ruwa ya fi masa. Asabar da Lahadi su ne ranakun kasuwannin bakin ruwa na Thonburi, wato Taling Chan da Khlong Lat Mayom, kuma a nan ne yawon haɗe-haɗe, na jirgi da abinci a tafiya ɗaya, yake da ma'ana. A waɗannan kasuwanni mutanen gari ne suka fi yawa, ana zama a kan dandamalin katako a gefen ruwa, ana gasa kifi sukutum wanda aka lulluɓe da gishiri aka cusa masa ciyawar lemun tsami a baki, kuma kifi da jatan lande da aka gasa a kan waya a gaban idonka sun fi sauƙin tantancewa fiye da duk abin da ya fito daga tukunyar romo. A tsakiyar mako kuwa, kasuwar kan ruwa da matuƙi ya yi maka alkawari takan zama wata dattijuwa ɗaya a ƙaramin kwale-kwale da za ta matso da kayan tsaraba da lemo mai tsada. Kada kuma a rikita waɗannan da Damnoen Saduak, wadda hotunanta suka cika takardun talla: tana lardin Ratchaburi, kimanin kilomita 100 daga Bankok, zuwa da dawowa zai cinye rabin yini, kuma kusan kowa a cikinta baƙo ne.

Yanayi bai cika raba su ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu duka biyun suna da daɗi. A zafin Maris zuwa Mayu jirgi da sassafe ya fi, yawon abinci kuma da dare. Da damina ruwan yamma yakan tarwatsa kujerun bakin titi, yakan kuma tsawaita jira a ƙofofin ruwa.

Ƙarfin jiki ya fi yanayi muhimmanci, musamman ga wanda yake tare da dattijo ko wanda bai daɗe da fitowa daga asibiti ba. Yawon abinci tsayuwa ce da tafiyar ƙafa ta awa uku ko huɗu a cikin hayaƙi da cunkoso, ga yaji da miyar kifi da cikin da bai saba ba zai iya ƙi, kuma ba abin so ba ne a gwada ciki da sabon abinci kala goma a daren da za a wayi gari a jirgin sama. Yawon ruwa zama ne, amma shiga da fita suna da wuya, domin jirgin yana ƙasa da dandamalin tasha yana kuma rawa da igiyar manyan jirage, kujerun katako ne, kuma ruwan da ke fantsamowa ba mai tsabta ba ne, abin da mai niyyar yin salla da kayan jikinsa zai so ya lura da shi. A nemi rigar kariya daga nutsewa ga kowa, musamman yara. Ko wanne aka zaɓa, aikin jagorar baƙi a Tailan doka ta keɓe shi ga 'yan ƙasa masu lasisi, waɗanda ke rataye katin shaida a wuya. Mutumin da ya tare ka a kusa da babbar fada ya ce yau a rufe take, ya kuma yi tayin kai ka wata tashar jirgi a keke mai ƙafa uku da kuɗi kaɗan, kamasho yake nema, kuma farashin da za ka tarar a can ya ninka na tashoshin da aka sani. Lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido ita ce 1155.

Idan aka tambaye ni, Musulmin da yake da rana ɗaya ya ɗauki jirgi na awa biyu da safe, da sharaɗin tsayawa a Tonson ko a gidan masu zane na Khlong Bang Luang, ya sauka a Sathorn, ya taka zuwa Bang Rak ya ci abincin rana da kansa, tunda a gidajen abincin Musulmi ba ya buƙatar wanda zai tantance masa tukunya. Kuɗin ɗan jagora ya fi dacewa a kashe shi a inda rashin sani zai cutar, wato a Yaowarat, kuma a can ma sai in an sami wanda ya fahimci cewa tambayar ta shafi romo da mai da kasko.

Wanda kuma sa'o'i biyu kawai suka rage masa, kuma yana zaune a Pratunam, yana da wata hanya a bayan otal ɗinsa. Sunan Pratunam ma'anarsa ƙofar ruwa, kuma a ƙarƙashin gadar unguwar akwai tashar jiragen haya na Khlong Saen Saep, hanyar ruwan da aka fara haƙawa a 1837 a zamanin Rama na Uku don jigilar sojoji zuwa gabas, wadda al'ummomin Musulmi da dama suka zauna a gefenta. Jirgin na ma'aikata ne masu zuwa aiki, kuɗinsa 'yan baht kaɗan, yaran jirgi suna zagayawa suna karɓar kuɗi, fasinjoji kuma suna jan tamfol sama don tare feshin baƙin ruwa. In aka nufi yamma aka sauka a tashar Hua Chang, tafiya kaɗan ce a gefen ruwa zuwa Ban Krua, unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Cham waɗanda kakanninsu suka zo daga Kambodiya, masaƙan da suka saƙa wa Ba'amurke Jim Thompson alharinin da ya yi suna da shi, gidansa kuma yana tsallaken ruwan yana fuskantarsu. A lungunan unguwar akwai masallaci da ƙananan wuraren cin abinci na halal. Jirgin yana daina aiki da farkon dare, saboda haka a shirya dawowa kafin isha'i, ko kuma a hau jirgin ƙasa na sama daga tashar Ratchathewi.